Ruwa Ya Janye, Gaban Bai Daina Faɗuwa Ba

Ɗana, daren da ka zo mini bayan sallar isha'i, ka zauna a bakin tabarma kana ta kewaye-kewaye, daga tsadar taki ka koma maganar rake, daga rake ka koma kuɗin makarantar yara, tun a lokacin na san ba waɗannan suka kawo ka ba. Sai da ka miƙe, ka zura takalmi ƙafa ɗaya, sannan ka juyo ka ce, “Baffa, ni fa lamarin mai ɗakina ya fara isata.” Ka ce shekara guda ke nan cif da katangar ɗakinku ta faɗi, an sake gini, ba a rasa rai ba, ko ƙwarzane babu wanda ya yi, amma har yau da hadari ya haɗo daga gabas sai ta kasa zaune ta kasa tsaye. Da ɗigon farko ya bugi kwano sai ta tashi yara daga barci ta kwashe su zuwa zaure, ta zauna rungume da su har asuba. Ka yi lallashi, ka yi faɗa, ka ce mata ta ji tsoron Allah ta yarda da ƙaddara. Yanzu kana shawarar ko dai a kai ta wurin mai ruƙiyya, ko ta je gida ta huta har damina ta wuce.

A daren nan abin da na iya ce maka shi ne “a ƙara haƙuri”, kuma tun kafin ka kai ƙofar gidanku na ji ban kyauta maka ba. Haƙuri kalma ce mai albarka, amma mu manya mukan jefa ta ga yaro idan ba mu shirya zama mu saurare shi ba. Na kwana da maganar, na tashi da ita. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, kuma na bar maganar a buɗe don wasu su gani, domin na san daga nan Gwangwan zuwa Zarewa, zuwa Fulatan da Beli, har cikin Rogo da Ƙaraye, gidajen da ake irin wannan kwanan zaune suna da yawa, kowa dai ya rufe nasa ne.

Bari mu fara komawa daren da katangar ta faɗi, don kai da ita ba dare ɗaya kuka gani ba. Kwana uku ana marka, irin ruwan Agusta da ba ya zuwa da hayaniya, sai dai ya yi ta zuba a hankali har ƙasa ta ƙoshi ta fara amayar da shi. Katangar ta sha ruwa ta gindi, ba wanda ya lura. Kai kana waje da fartanya kana buɗe kwata. Ita tana ciki, ta ji wani ƙara kamar ana yaga tsohon zane, ɓarɓashin ƙasa ya zubo mata a fuska. Ta suri jaririn daga kan gado, ta ja hannun babbar 'yarku, ta yi waje. Ba ta kai tsakar gida ba katangar ta kwanta a kan gadon nan, daidai inda kan yaron yake. Kai ka iske ɗaki ya faɗi da iyalinka a tsaye a waje, ka yi hamdala, kuma ka yi daidai. Ita kuwa ta ga abin da saura ƙiris ya faru. Idonta ya ga gadon da ƙasa a kansa, da ɗan zanen goyon da ya leƙo ta ƙarƙashin tubali. Magina sun kwashe ƙasar cikin kwana biyu. Wadda ta zuba a zuciyarta har yau ba wanda ya sa hannu ya taya ta kwashewa.

Ina faɗa maka wannan ne da sani, domin na taɓa shiga. A watan Agustan 1988, shekarar da madatsar ruwa ta Bagauda ta ɓalle, ina cikin birnin Kano wurin wani ɗan'uwanmu, lokacin ƙarfina. Ruwan shekarar ya rushe gidajen ƙasa masu yawa a birni. Cikin dare soron maƙwabcinmu ya rufta, muka fita da fitilar ƙwai muna tono da hannu, muna jin muryar mutum a ƙarƙashin azara. Mun fito da wasu da rai. Akwai wanda ba mu cim masa ba. Na dawo gida na ci gaba da harkokina, kowa yana ganina lafiya lau. Amma na yi daminu ban yi barcin kirki a ƙarƙashin soro ba. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, wanda manomi ke jin daɗinsa a ruwan farko, ni sai ya tayar mini da zuciya. In na shiga masallaci idona na kan rufi, ina ƙirga azara maimakon in natsu. Ban gaya wa kowa ba, don a wancan lokacin namiji ba ya cewa yana tsoron ruwan sama. Innarku ce kaɗai ta gane, ita ma ba ta taɓa furtawa ba, sai dai in hadari ya taso ta kunna fitila ta zauna kusa da ni tana tsinkar zogale ko gyaran wake, kamar dama aikin ne ya hana ta barci. Allah ya saka mata da alheri. Da ta ce mini ragon namiji ko sau ɗaya, ban san inda abin zai kai ni ba.

Hausawa sun riga likitoci gane wannan, da suka ce wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Allah ya halicci jikin ɗan Adam da mai gadi a cikinsa. In hatsari ya taso, kafin tunani ya gama lissafi mai gadin nan ya riga ya buga ƙararrawa: zuciya ta hau bugu, numfashi ya yi sama, gumi ya karyo, ƙafa ta sami ƙarfin da ba ta da shi ɗazu. Shi ne ya fitar da iyalinka daga ɗakin kafin katanga ta sauka. Abin da ke faruwa ga wasu bayan babban tashin hankali shi ne mai gadin ya ƙi komawa mazauninsa. Ya riƙe duk abin da ya zo tare da masifar, ƙarar ruwa a kwano, warin ƙasa, duhun ɗaki, har rugugin tsawa, kuma da ya ji ɗaya daga ciki sai ya buga ƙararrawa kamar yau ne abin ke faruwa. Mai ɗakinka ma ta san ɗakin sabo ne. In ka tambaye ta da rana tsaka za ta ce maka ta sani. Jikin ne bai yarda ba tukuna, kuma jiki ba ya jin faɗa. Duk tsawar da ka daka mata cikin dare, mai gadin nan yana ɗaukarta a matsayin ƙarin shaida cewa lallai akwai abin tsoro.

Sai maganar da ta fi damuna, wato cewar da ka yi mata ba ta yarda da ƙaddara ba. Ɗana, ka janye wannan kalma, ka nemi afuwarta. Ya tabbata a Bukhari da Muslim, daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, in ya ga hadari ko iska ta taso akan ga alamar damuwa a fuskarsa, ya shiga ya fita, sai ruwa ya sauka sannan a ga ya saki jiki. Ya bayyana mata cewa abin da yake jiye wa shi ne kada ya zama azaba irin wadda ta zo wa mutanen farko a siffar girgije. Dalilinsa ya fi namu ɗaukaka nesa ba kusa ba, amma ka lura da abu ɗaya: wanda ya fi kowa tawakkali bai ɗauki hadari abin wasa ba, kuma iyalinsa sun ga hakan a fuskarsa. To wane ne ni, wane ne kai, da za mu auna imanin baiwar Allah da bugun zuciyarta? Matar da ke zaune a zaure da yara a cinya tana ta jan hasbunallahu har asuba, ba Allah ta manta ba.

Ka kuma tuna yadda Nana Khadija ta yi ranar da Manzon Allah ya sauko daga kogon Hira jikinsa na rawa. Ta lulluɓe shi tukuna, ta bari ya natsu. Da ya faɗa mata abin da ya gani, ta ƙarfafa masa zuciya da ambaton kyawawan halayensa. Bayan nan ta ɗauke shi zuwa wurin Waraƙa ɗan Naufal, wanda yake da sanin irin wannan al'amari. Abin da ya same shi wahayi ne, ba a haɗa shi da komai. Amma yadda aka tarbi mai firgici a gidan nan darasi ne ga kowane gida, kuma ni ban ga abin da masana na yau suka ƙara a kan tsarinsa ba, illa bayani.

Game da ruƙiyya, ban hana ka addu'a ba, kuma ba zan taɓa hanawa ba. Ku karanta Falaƙi da Nasi da Ayatul Kursiyyu ku shafa wa kanku da yara, ku yi azkar na safe da yamma tare, da murya, don kunnenta ya saba jin muryarka cikin natsuwa. Abin da nake jiye mata shi ne a kai ta inda za a zaunar da ita a tsakiyar mutane, a ce akwai aljani a jikinta, a yi ta ihu a kanta ana turnuƙa mata hayaƙi. Ta je da tsoro ɗaya, ta dawo da biyu: da tana tsoron katanga, yanzu tana tsoron jikinta. Na ga an yi wa wata haka, kuma ta daɗe ba ta dawo daidai ba. Mun san ranar da ciwon nan ya fara, mun san abin da ya kawo shi. Mayar da ita gidansu kuma, in ba ita ta nema ba, zai zame mata kamar hukunci a kan laifin da ba ta yi ba.

Yanzu bari in faɗi abin da ba ka faɗa mini ba. Makon jiya da aka yi ruwan dare, na fito kewayawa, na hango hasken cocila yana bin gindin katangarku, daga kusurwa zuwa kusurwa, ya tsaya, ya sake komawa. Na daɗe a tsaye, hasken bai shiga gida ba. Kai ne, ɗana. Idonka ma ya nuna, ga shi ka rame, kuma yaran shago sun ce abu kaɗan yanzu sai ka hau su da faɗa. Ita nata tsoron ya fito fili, naka ya sa rigar fushi, kuma ina kyautata zaton rabin haushin da kake ji da ita na ganin abin da kake ɓoyewa ne a fuskarta. Babu abin kunya a nan. Ranar da za ka iya ce mata “ni ma fa gabana yana faɗuwa in an fara ruwan nan”, ranar za ta ji nauyin ya ragu da rabi, don zuwa yanzu tana ganin ita kaɗai ce mai rauni a gidan.

Akwai wani labari da na daɗe ina juya shi a raina. A ƙasar Indunusiya, yamma da babban tsibirin Sumatra, akwai wani ƙaramin tsibiri da ake kira Simeulue, a lardin Aceh, mutanensa Musulmi ne masunta da manoma. A shekarar 1907 aka yi girgizar ƙasa, teku ta ja da baya, mutane suka ruga tsintar kifi a inda ruwa ya bari, sai igiyar ruwa ta dawo ta cinye su da yawan gaske. Waɗanda suka tsira ba su binne abin ba. Suka ba shi suna a harshensu, smong, suka sa shi a cikin labaran dare da waƙoƙin reno, kaka ta gaya wa jika: in ƙasa ta girgiza da ƙarfi, ka ga teku ta janye, kada ka tsaya ɗaukar komai, ka hau tudu. Ranar 26 ga Disamba 2004 aka yi babbar girgizar da ta haddasa igiyar ruwan da ta kashe mutane sama da 200,000 a ƙasashen da ke bakin tekun Indiya, mafi yawansu a lardin Aceh ɗin nan. Tsibirin Simeulue yana daga cikin wurare mafi kusa da inda girgizar ta tashi, gidajensu na bakin teku sun tafi, amma cikin mutane wajen 78,000 mutum 7 aka ruwaito ruwan ya ci. Sun ji girgiza, sun ga teku ta ja, kowa ya ɗauki na kusa da shi ya yi tudu.

Ka duba, kakannin nan na 1907 su ma sun kwana da fargaba, a tsibirin da ko'ina ka juya teku ce, babu inda za ka ƙaura ka daina ganinta. Ba su jira tsoron ya gushe ba, kuma ba su ce wa junansu a manta ba. Sun ba tsoron aikin yi. Wannan nake so ku yi a gidanku.

Farkon aikin shi ne ku san ainihin abin da ya kamata a ji wa tsoro. Ka ce mini duk lokacin da aka yi ruwa mai yawa sai jita-jita ta tashi cewa dam ɗin Challawa zai fashe, ita kuma sai jikinta ya ɗauki rawa. Zauna ka zana mata a ƙasa da tsinke. Madatsar Challawa tana ƙasar Ƙaraye, an kammala ta a 1992, tana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Ruwan da ya fita daga cikinta gabas yake yi, ya haɗu da kogin Kano da ke zuwa daga Tiga, su bi ta Wudil, su shiga Jigawa ta wajen Ringim har Haɗeja. Mutanen waɗannan wurare su ne ke kwana da zullumin sakin ruwa, kuma sun sha wuya a 2001 da 2022 da wasu shekarun, Allah ya kiyaye su. Mu ƙasar Rogo muna bayan dam ɗin ne. Abin da ke kayar mana da gida shi ne ruwan sama da ya rasa hanya ya kwanta a gindin katanga, da kududdufin da aka cike aka yi gini a kai, da rafin da ke cika ya yanke hanya har ƙauye ya koma tsibiri na kwana ɗaya ko biyu. Waɗannan kuwa duk abubuwa ne da ido ke gani, hannu kuma ke iya taɓawa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a gidanku babu wanda ya kai ta sanin katanga yanzu. Maimakon ka riƙa fita kai kaɗai da cocila cikin dare, ku zagaya tare da rana, ita da kai. Ta nuna maka inda take zargi. In tsaga ce a toshe, in gindin gini ne ya zaizaye a yi masa dakali a ɗaga shi, in indararo ne ke zubar da ruwa a jikin bango a ƙara masa tsawo. A buɗe kwata tun daga tsakar gida har inda za ta fita titi, a kuma yi magana da maƙwabta, don ruwan da ka kora daga gidanka gindin katangar wani yake zuwa. A janye gado daga jikin bangon da ruwa ke duka. Ku yanke shawara tun yanzu, kowa ya sani: in an kwana biyu ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, a wane ɗaki za a kwana, wa zai ɗauki wane yaro, gidan wa za a nufa. Takardun gona da na makaranta da katin asibiti a sa su a leda a rataye kusa da ƙofa. Hukumar kula da yanayi ta NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, gidajen rediyo kuma suna karanta gargaɗin ruwa mai ƙarfi. Ku saurara tare, sau ɗaya a rana ya isa. Wanda ya ɗaure raƙuminsa shi ke iya yin tawakkali da kwanciyar rai. Ita ma in ta ga da hannunta aka ɗaure, zuciyarta za ta fara samun abin jingina.

Wayar nan kuma a yi hattara da ita. Na san abin da ke yawo a WhatsApp da Facebook duk damina. Hotunan Maiduguri na ranar 10 ga Satumba 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shiga gari cikin dare, shekara 30 bayan irinsa na 1994. Hotunan Mokwa ta jihar Neja na ranar 29 ga Mayu 2025, inda ruwa ya share Unguwar Hausawa da Tiffin Maza da asuba, aka rasa rayuka sama da 150, da yawansu 'yan'uwanmu ne da suka je neman abinci da almajirai. Wajibi ne mu ji zafin waɗannan, mu yi musu addu'a, mai hali ya taimaka. Amma mai ɗanyen miki ba ya kallon ana fiɗa. Duk bidiyon gawa a cikin laka da ta kalla kafin ta kwanta, daren nan ne ake sake dawo mata da shi sabo. Ka roƙi 'yan'uwanta su daina turo mata, kai ma ka daina kunnawa a gabanta.

In dare ya yi ruwa ya sauko ta zabura, ga abin da nake so ka yi. Kada ka ce “ke kin fara ko”. Tashi ka kunna fitila, don duhu abokin firgici ne. Kira sunanta a hankali. Ka ce mata ga ni nan, ga yara nan, ɗakin nan sabo ne, jiya muka duba shi tare. Ka ba ta ruwa ta kurɓa. Ka sa ta ja numfashi ta hanci ta sake shi a hankali, fitarsa ta fi shigarsa tsawo, kuna yi tare kuna salati. Wannan yana saukar da bugun zuciya, ni na gwada a kaina. In duk da haka ta ce sai zaure, ɗauki tabarma ka bi su. Wani daren ka ce mu ɗan ƙara jinkiri kaɗan a ɗaki kafin mu fita. Wani daren a bar ƙofa a buɗe a zauna a bakinta. Da haka da haka jiki ke koyon cewa an yi ruwa an ɗauke kuma ba abin da ya faɗi. Tilas ba ta koyar da wannan, gudu kullum ma ba ya koyarwa. In kuma ta so ba da labarin daren, ko karo na ashirin ne, ka saurara har ta kai aya, kada ka tare ta da “ai ya wuce”. In ba ta so, kada a matsa mata.

Kada a manta da amaryata, babbar 'yarku. Na ji an ce ta koma fitsarin kwance bayan ta daɗe da dainawa, har ana yi mata dariya ana cewa za a ɗaura mata kwaɗo. A daina. Rannan na same ta a ƙofar gida ta gina ɗan ɗaki da jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta sa 'yartsana a ciki, ta rushe shi da tafin hannu, ta tono 'yartsanar, ta sake ginawa. Na tsaya ina kallo, sau huɗu ta yi. Yaro ba shi da kalmomin da zai faɗi abin da ya gani, da wasa yake faɗa. Na tsuguna na ce mata, “Amarya, wa ya fitar da 'yar taki?” Ta ce, “Ummanta.” Na ce to ai ummanta jaruma ce. Ku riƙa gaya mata labarin ta wannan fuskar, yadda aka tsira da wanda ya yi ƙoƙari, da gaskiya ba tare da ƙari ba, kuma ta ci gaba da zuwa makarantar allo da ta boko kamar kullum, don sabon da yaro ya yi da al'amuran yau da gobe shi ke mayar masa da ƙasa ƙarƙashin ƙafa.

Mafi yawan mutane irin wannan firgici yana sakinsu da kansa cikin makonni ko 'yan watanni, in sun sami masu tallafa musu. Likitoci suna cewa in ya wuce wata guda yana hana barci, yana kawo munanan mafarkai, yana hana mutum aikinsa da walwalarsa, to ya zama lalurar da ake dubawa, kuma tana da magani, mafi yawansa ma zama ne da tattaunawa da wanda ya koyi aikin. Naku ya shekara. Saboda haka, bayan duk abin da na faɗa, ina so ku je asibiti, ku biyun. Ku fara da babban asibitin Rogo ko na Ƙaraye, ku faɗi komai yadda yake, a duba jininta da hawan jini, don ƙarancin jini da wasu cututtukan ma suna ƙara faɗuwar gaba. In sun ga da buƙata za su tura ku gaba: akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, akwai kuma asibitin Dawanau. Na san yadda mutanenmu suka mayar da sunan Dawanau abin zolaya, har mai buƙata yake jin nauyin zuwa. Wannan kuskurenmu ne, kuma ya cutar da bayin Allah da yawa. Ƙasar ma ta sauya: a watan Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da ke kallon mai irin wannan lalura kamar wanda za a kulle kawai. Abin da na hana ku shi ne zuwa kemis a sayo ƙwayar barci ba da takardar likita ba. Tana kwantar da mutum yau, gobe ta nemi ƙari, jibi a wayi gari an sami ciwo na biyu da ya fi na farko wuyar fita.

Ba zan yi maka alkawarin cewa wata rana za ta tashi ta ji kamar ba a taɓa yi ba. Ni yau shekara talatin da ɗoriya, in aka yi marka ta kwana uku nakan farka in saurari bango. Bambancin shi ne yanzu nakan saurara, in yi addu'a, in juya in koma barci, da safe kuma in ji daɗin ganin dawa ta sha ruwa. Za ta kai nan da yardar Allah, wataƙila ma ta riga ka. Za a sami daren da za ta koma baya, musamman in Agusta ta zagayo. Kada ka ce aikin banza aka yi.

Na yi magana da Innarku, za ta riƙa shiga wurinta da yamma, kuma duk daren da hadari ya haɗu kana kasuwa, a turo yaro ya kira ta. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan zo da magini bayan sallar azahar, mu duba gindin katangar gabas da kwatar da ta bi ta bayan rumbu. Ka gaya wa mai ɗakinka tun yau, ka ce Baffa ya ce ita za ta zagaya da mu ta nuna mana.